Sankarar mama: Kada a cire ƙari a jefar kafin a san irinsa

Mata biyu na iya zuwa asibiti da ƙulli a mama, girmansa ɗaya, shekarunsu ma kusan ɗaya, amma bayan shekara biyu ɗaya tana gida cikin 'ya'yanta, ɗayar kuwa cutar ta riga ta kai hanta da ƙashi. Rai a hannun Allah yake, babu musu. Sai dai likitoci sun daɗe da gano ɗaya daga cikin dalilan wannan bambanci, kuma akwai gwajin da ke nuna shi tun da wuri.

Ƙwayoyin jikin ɗan Adam suna ɗauke da ƙwayoyin halitta na gado, kwafi bibbiyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Akwai wata da ake kira HER2, wadda aikinta shi ne isar da saƙon cewa ƙwayar jiki ta girma ta rabu. A cikin wasu ƙari, kwafin nan biyu sukan ninninka su zama goma, ashirin ko fiye. Kamar gari ne mai masu shela biyu a wayi gari sun zama ashirin, kowa na kururuwar abu guda dare da rana. Ƙarin da ke jin irin wannan shela ba ya hutawa: saurin girma gare shi, saurin yaɗuwa, da saurin dawowa bayan tiyata.

A shekarar 1987 Dennis Slamon da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa bincike kan ƙari 189, inda suka nuna cewa matan da HER2 ta ninka a ƙarinsu sun fi saurin ganin dawowar cutar, sun kuma fi saurin rasuwa. A yau ana ƙiyasta kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na sankarar mama irin wannan ce. Da farko sakamakon mummunan labari ne kawai. Abin ya sauya a 1998, lokacin da aka amince da maganin trastuzumab, wanda ke toshe wannan saƙo kai tsaye. Manyan gwaje-gwajen da aka fitar a 2005 sun nuna cewa haɗa shi da sauran magungunan kansa bayan tiyata yana rage dawowar cutar da kusan rabi. Amma matar da ƙarinta ba mai HER2 ba ne, maganin ba zai tsinana mata komai ba, sai asarar kuɗi da kuma haɗarin taɓa zuciya.

To, a nan ne batun ya shafi matar Lahodu da ke ƙaramar hukumar Wurno, da takwarorinta na Rabah da Goronyo. Gwajin ba na jini ba ne. Naman ƙarin ake dubawa a ɗakin bincike, a ba shi maki 0, 1+, 2+ ko 3+. Idan 3+ ne an tabbatar, idan kuma 2+ ne sai an ƙara wani gwaji da ke ƙirga kwafin ƙwayar halittar. Duk wannan ya dogara ne da yadda aka riƙe naman tun daga ɗakin tiyata. Ƙa'ida ita ce a jefa shi cikin ruwan fomalin kafin awa guda, ya zauna ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Naman da ya kwana a leda, ko aka ba ɗan'uwan mara lafiya ya riƙe har ya haɗa kuɗin mota a zafin bazarar Sakkwato, zai iya nuna babu alhali akwai. Mafi muni shi ne a cire ƙulli a binne ko a jefar, ko wanzami ya tsaga shi da sunan ƙurji. Daga nan sai lalube cikin duhu.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato yana da sashen nazarin nama da sashen gashin kansa. Wurno ba ta da nisa da birnin. Abin da ke tsakani ƙaramin abu ne: kwalba mai murfi, fomalin mai kyau, takardar da aka rubuta lokacin da aka cire naman, da motar da za ta kai shi a ranar da aka tsayar. Ma'aikatar Lafiya ta jihar na iya wajabta wa kowane babban asibiti cewa duk ƙarin mama da aka cire sai ya isa ɗakin bincike, ta kuma ɗauki nauyin gwajin ta hannun hukumar SOCHEMA. Manomin shinkafa ko albasa da ya sayar da buhuna ya biya tiyata, da wuya ya sake buɗe aljihu don gwajin da ba a yi masa bayaninsa ba.

Wasu za su ce me amfanin sanin ciwon da ba a iya sayen maganinsa? Tambayar tana da nauyi. Trastuzumab allura ce ta kusan shekara guda, duk mako uku, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kuɗin na asali a kan kusan dala 20,000. Amma hukumar ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna a 2015, kuma a Disambar 2019 ta amince da makamancinsa na farko mai rahusa. Ko babu maganin ma, sakamakon yana taimaka wa likita zaɓen magani da yawan bibiya, yana kuma hana iyali jinkirin da irin wannan ƙari ba ya yafewa. Bayan haka, gwamnatin da ba ta san mata nawa ke buƙatar magani ba, ba ta da abin da za ta riƙe ta ci ciniki da kamfani.

Asusun tallafa wa masu kansa na Gwamnatin Tarayya ya fara aiki a 2021 da asibitoci shida, kuma na Arewa maso Yamma shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Daga Lahodu zuwa Zariya tafiya ce ta wuni, ga masauki, ga abinci, ga mai jinya. Haƙƙin 'yan majalisar da ke wakiltar Wurno, Rabah da Goronyo ne su matsa lamba tallafin ya riƙa samun matan yankinsu a Sakkwato, kuma a rubuta kuɗin gwajin HER2 a cikinsa ƙarara.