Mai Sayen Gida Ma Yana Bukatar Nasa Dillalin

Ya kai mai karatu, wataƙila a hanyarka ta zuwa makaranta ka taɓa ganin gidan da aka rubuta wa gargaɗi da jan fenti a bango, cewa ba na sayarwa ba ne. Irin wannan rubutu ya yawaita a Legas da Ibadan da Fatakwal, domin akwai 'yan damfara masu sayar da gidajen da ba nasu ba, har akan sayar wa mutum biyu ko uku gida ɗaya. Ko da yake ba yau za ka sayi gida ba, wata rana kai ko wani naka zai shiga wannan ciniki, kuma galibi da kuɗin da ya yi shekara da shekaru yana tarawa.

Bahaushe ya daɗe da sanin dillali. A kasuwar shanu shi ne ke tsayawa tsakani, mai saye ya taya, mai saniya ya ce albarka, a yi ta ja har a sallama, sannan dillali ya karɓi la'adarsa. To, amma a cinikin gida ka tambayi kanka, wa ya ba dillalin nan gidan? Mai gida ne. Kuma yawanci gwargwadon tsadar gidan, gwargwadon la'adarsa. Saboda haka kada ka sa ran zai gaya maka cewa layin yakan cika da ruwa da damina, ko cewa sabon fentin nan tsagewar bango ya rufe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, dillalinsa kuwa ba zai nuna maka wurin ba. Ba mugunta ce ta sa ba, aikin wanda ya ɗauke shi yake yi.

A ganina, mai saye ma ya kamata ya ɗauki nasa wakilin, wanda ba ya cin komai a hannun mai gida. Irin wannan dillali ya san nawa aka sayar da gidajen unguwar kwanan nan, don haka ba za a tsuga maka kuɗi don an ga kai baƙo ne ba. Zai zaga ya gaisa da maƙwabta, ya ji labarin ruwan sha da wutar lantarki da tsaro, abubuwan da ba a gani a hoton talla. Ga wanda ke zaune a wani gari ko a ƙasar waje kuwa, shi ne zai hana shi cinikin biri a sama.

Inda amfaninsa ya fi fitowa shi ne wajen takardu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da mutum ke riƙewa shi ne izinin zama da amfani da fili, yawanci na shekara 99, kuma ba a mayar da wannan izini ga wani sai da amincewar gwamna. Ashe ke nan rasit da shaidu biyu ba su wadatar ba. Dole a je ofishin rajistar filaye, kamar na Alausa a Ikeja ko AGIS a Abuja, a bincika ko sunan mai sayarwa ne a takardar, ko an jinginar da gidan a banki, ko gwamnati ta keɓe wurin don hanya. Gidan gado ya fi kowanne wuyar sha'ani. A al'adar Yarabawa, wadda kotuna suka amince da ita, ba a sayar da filin dangi sai da shugaban gida da manyan dangin. Wanda ya biya ɗa guda ya sayi shari'a da kuɗinsa. Fitinar masu ƙwacen fili, waɗanda ake kira omo onile, ta kai har Jihar Legas ta kafa doka a kansu a 2016.

Za ka iya cewa wannan ƙarin kashe kuɗi ne. Gaskiya ne, amma ka auna ladan dillali da kuɗin gidan gaba ɗaya, da kuma shekarun da shari'ar fili ke ci a kotu. Damuwar da ta fi wannan ƙarfi ita ce shi ma wakilin naka ɗan Adam ne, yana iya haɗa baki da ɗaya ɓangaren ya ci biyu. Maganin wannan shi ne yarjejeniya a rubuce tun kafin a fara yawon duba gidaje. A Amurka ma, tun daga watan Agustan 2024 mafi yawan dillalan gidaje ba sa kai mai saye duba gida sai an sa hannu a irin wannan takarda. Ni na fi son a yanke masa lada tsayayye maimakon kaso daga kuɗin gida, don kada tsada ta zama ribarsa. A kuma tabbatar yana da rajista, misali da hukumar ESVARBON mai kula da masu ƙiyasta darajar gidaje, wadda aka kafa a 1975.

Dillali dai ba lauya ba ne. Idan ya gama nasa binciken, lauya ne zai rubuta takardar ciniki ya nemi amincewar gwamna, kuɗi kuma a biya ta banki da sunan da ke cikin takardar mallaka.