Daga Ina Ya Kamata A Soma Karatun Littattafan Discworld?

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Da wannan ma'auni ne yawancin masu karatu ke auna marubuci. Idan littafinsa na farko da ya zo hannunsu ya gamsar da su, sai su nemi saura. Idan kuwa ya gundure su, to sun rabu da shi ke nan har abada. Wannan hali ba ya cutarwa ga marubucin da ke da littafi biyu ko uku, amma ga wanda ya rubuta arba'in da ɗaya a kan duniya guda, kuskuren zaɓen farko na iya jawo wa mai karatu asarar sauran arba'in ɗin. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna inda ya fi dacewa ɗalibi ya soma karanta jerin littattafan barkwanci na Terry Pratchett da ake kira Discworld, musamman ɗalibin da kuɗin littafi ke yi wa wuyar samu, lokacinsa kuma karatun jarrabawa ya cinye rabinsa.

Marubucin Da Duniyarsa

An haifi Terry Pratchett a Ingila a shekarar 1948, ya kuma rasu a watan Maris na 2015. Ya yi aikin jarida tun yana matashi, daga baya ya zama jami'in hulɗa da manema labarai na hukumar samar da wutar lantarki ta ƙasarsa, har zuwa 1987 da ya ajiye aiki ya rungumi rubutu. Littafin farko na wannan jeri, The Colour of Magic, ya fito a 1983, na ƙarshe kuwa, The Shepherd's Crown, ya fito a 2015, 'yan watanni bayan rasuwarsa.

Duniyar da ya ƙaga shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, tana ɗore a kan giwaye huɗu, su kuma giwayen suna tsaye a bayan wani ƙaton kunkuru mai iyo a sararin samaniya. A cikinta akwai matsafa da mayu da wadanni da dodanni, akwai kuma babban birni mai ƙazanta da hada-hada, wato Ankh-Morpork. Sai dai duk wannan sutura ce kawai. Abin da ke ƙarƙashinta gugar zana ce a kan mulki da kuɗi da wariyar jinsi da halin ɗan Adam.

Abin lura a nan shi ne, littattafan ba labari ɗaya ba ne da aka yanka gunduwa-gunduwa. Kusan kowanne yana da farkonsa da ƙarshensa. Ta wannan fuska sun yi kama da tatsuniyoyin Gizo, waɗanda ba wanda ke tambayar wacce ce ta farko. Amma sun bambanta da su ta wata fuskar, domin Gizo ba ya tsufa, alhali taurarin Pratchett suna girma, suna aure, suna samun muƙami. Saboda haka aka kasa littattafan gida-gida: akwai na matsafi Rincewind, da na mayun ƙasar Lancre, da na Mutuwa, da na 'yan gadin birni, da na yarinya Tiffany Aching waɗanda aka rubuta don matasa.

Hujjar Masu Bin Jeri

Akwai masu ra'ayin cewa a soma daga littafin 1983 a bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda aka buga su. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Wanda ya bi wannan hanya zai ga yadda alƙalamin marubucin ya nuna a hankali, zai kuma ga yadda birnin kansa ya sauya. A The Truth na 2000 aka kafa jarida ta farko a birnin, a Going Postal na 2004 aka farfaɗo da gidan waya, a Making Money na 2007 aka shigo da kuɗin takarda, a Raising Steam na 2013 kuma jirgin ƙasa ya iso. Ga mai nazarin da zai rubuta kundi a kan bunƙasar salon marubucin, babu shakka wannan ita ce hanya.

To amma mai nazari daban, mai neman sanin ko zai so marubuci daban. Littattafai biyun farko kwaikwayon ba'a ne na labaran jarumai masu takobi da tsafi da Turawa suka saba karantawa a wancan zamani, irin su labaran Conan na Robert E. Howard da na Fritz Leiber. Shi kuwa kwaikwayon ba'a ba ya ba da dariya sai ga wanda ya san abin da ake kwaikwayo. Idan ɗan kama ya kwaikwayi tafiyar wani mutum a gaban waɗanda ba su taɓa ganin mutumin ba, ai wahalar banza ya yi. Mai karatun da ya tashi da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ya san barkwanci sarai, amma bai san waɗannan jarumai ba, don haka rabin habaicin zai wuce ta bisa kansa. Bugu da ƙari, zubin The Colour of Magic sassa huɗu ne da ba su ɗinku da juna sosai ba, kuma ya ƙare ne Rincewind na faɗawa daga bakin duniya, ta yadda dole sai an nemi The Light Fantastic na 1986 kafin a ji ƙarshen zance. A nan Larabar ba ta nuna Juma'ar ba ko kaɗan.

Littafin Da Ya Fi Dacewa

A ganina, Guards! Guards! na shekarar 1989, wanda shi ne na takwas a jeri, shi ya kamata ya zama ƙofar shiga. Dalili na farko shi ne, da shi aka buɗe gidan 'yan gadi, don haka ba ya bukatar sanin komai kafinsa. Mai karatu na shiga birnin ne tare da baƙo ɗan'uwansa, wato Carrot, wani dogon saurayi da wadanni suka rena har ya ɗauka shi ma wada ne. Ya zo birni da littafin dokoki a hannu, yana zaton ana aiki da su. Bai san cewa a Ankh-Morpork ɓarayi suna da ƙungiya mai izinin hukuma ba, wadda aka ƙayyade mata yawan satar da za ta yi a shekara, tana kuma ba wanda aka yi wa sata rasit. Sai ya je ya kama shugaban ƙungiyar.

Dalili na biyu shi ne jigonsa, wanda ba ya bukatar tafinta. Wasu 'yan ƙungiyar asiri masu ƙyashi suka sace littafin tsafi, suka kira dodo mai fuka-fuki da aman wuta don ya firgita gari, da nufin su fito da jarumin ƙarya ya kore shi, su naɗa shi sarki su riƙa juya shi. Dodon ya ƙi komawa, ya haye karagar da kansa, manyan gari kuma suka shiga neman hujjar yi masa biyayya. Ba a bar wa gari kowa ba sai 'yan gadin dare su huɗu, ƙarƙashin Kyaftin Sam Vimes, mashayin da ya fid da rai da aikinsa. Wanda duk ya taɓa ganin yadda mutane ke yi wa mai ƙarfi fadanci zai gane wannan labari ba tare da an yi masa sharhi ba.

Dalili na uku shi ne abin da ke biye da shi. Littattafan 'yan gadi takwas ne, daga 1989 zuwa Snuff na 2011, kuma a cikinsu ne tunanin marubucin ya fi zurfi. Alal misali, a Men at Arms na 1993 Vimes ya yi lissafin cewa mai hali kan sayi takalmin dala hamsin ya yi shekara goma da shi, talaka kuwa ya sayi na dala goma mai lalacewa da wuri, har ya kashe ɗari a shekarun nan goma, ƙafarsa kuma ba ta rabu da jiƙewa ba. Wato dai talauci ya fi wadata tsada.

Sauran Ƙofofi

Ba a ce babu wata hanya ba. Wanda ya karanta Macbeth na Shakespeare a makarantar sakandare zai ji daɗin Wyrd Sisters na 1988, domin a kansa aka gina shi. Mort na 1987, labarin yaron da aka kai koyon sana'a wurin Mutuwa, gajere ne mai sauƙi, ko da yake wasa da zancen mutuwa na iya yi wa wasu nauyi a karon farko. Wanda Turancinsa bai gama zama ba, ya gwada The Wee Free Men na 2003. Abin da za a guje wa shi ne soma da Night Watch na 2002 don an ji ana yabonsa. A cikinsa Vimes ya koma baya shekara talatin ya haɗu da kansa yana ƙuruciya, kuma wanda bai san dattijon ba, ba zai ji tausayin yaron ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa lambar da ke kan jeri tarihin bugu kawai take nunawa. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, wanda ke da kuɗin littafi ɗaya tak ya sayi Guards! Guards!, idan ya gamsu ya bi shi da Men at Arms da Feet of Clay na 1996. Bayan ya saba da birnin da mutanensa, sai ya koma ga littafin 1983, a lokacin zai karanta shi da idon wanda ya san inda marubucin ya dosa.