In kana tari, ka yi dubiya ta waya

Hutun da ya wuce, lokacin hunturu, na kwana biyar ina jinyar kakata a wani asibiti a yankinmu. Kullum da yamma ɗakin sai ya cika maƙil da 'yan dubiya daga Ikara, Maƙarfi har Hunkuyi, ga tagogi a rufe saboda sanyi da ƙura. Wani kawuna ya zo da mura, ya zauna a bakin gado yana tari yana "Hajiya, ya jiki?" Bayan kwana uku, tsohuwar da aka kwantar saboda hawan jini ta kama tari da zazzaɓi.

Ba wani abin mamaki ba ne. Mai mura in ya yi tari ko atishawa, kai ko magana ma, ƙwayoyin cutar na fitowa cikin feshin yawu. Manya su sauka kan gado da hannu, ƙanana su yi ta yawo a iskar rufaffen ɗaki. Ƙwayar ƙyanda ma takan kai awa 2 a iska bayan mai ita ya fita. A 2015 cutar MERS ta kama mutum 186 a Koriya ta Kudu, ta kashe 38. Kusan duka a asibiti suka ɗauka, kuma cunkoson 'yan dubiya na cikin dalilan.

Na san za a ce "wane ko leƙowa bai yi ba". To, a faɗa ɗin. 'Yan'uwana ɗalibai, mu fara gyarawa daga kanmu: in kana tari, ka buga waya, ka aika da kunu. In zuwan ya zama dole, sa takunkumi, wanke hannu, a buɗe taga, ka gaisa ka fito.