Manhajar Ƙiyasta Tafiyar Daji: A Karɓe Ta, Amma da Sharaɗi

Tun zamanin fatake, sa'ad da madugu yakan yanke wa ayari zango gwargwadon sanin da ya yi wa ƙasa, da ƙarfin jakuna, da inda ruwa yake, babu mas'alar da ta fi damun matafiyi a daji kamar ko zai isa kafin magariba. Yau, alhamdu lillahi, an sami manhajoji irin su OsmAnd da Komoot, waɗanda idan mutum ya sa su a wayarsa, ya sauke taswirar yankin tun yana gari inda akwai intanet, ya nuna mafari da makoma, sai su lissafa masa awannin da zai yi a ƙafa.

Asalin wannan hisabi daɗaɗɗe ne. A shekarar 1892 wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotlan, William Naismith, ya kafa ƙa'ida wadda, in an mai da ita ma'aunin yau, ta ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, ta kuma ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Watau wanda zai yi kilomita 10 a tsaunukan Gashaka-Gumti, ya hau mita 900, sai ya ware awa uku da rabi.

A ra'ayina ya wajaba ma'aikatan rigakafi da masu gadin gandun daji su laƙanci wannan fanni, domin tafiya bisa lissafi ta fi tafiya bisa gaibu, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Sai dai ƙiyasi zato ne, bai kai yaƙini ba, gama ƙa'idar ta ƙaddara ƙaƙƙarfan mutum ne yake tafiya a busasshiyar turba ba hutu, alhali kuwa manhaja ba ta san rafin da ake tsallakewa da rani ya kai ƙirji a watan Agusta ba, ba ta san ciyawa ta rufe hanya ba, balle dattijon da ke cikin ayari, ko mai azumi, ko tsayawa sallar Azahar, ko dajin da babu aminci.

Saboda haka, ya ɗan'uwa, ka sa manhajar, ka cika batir, ka ƙara rabin abin da ta faɗa a kan lissafinka, sa'an nan ka tambayi makiyayi ko maharbin wurin kafin ka ɗaga ƙafa. Matambayi ba ya ɓata.