Bahago da bindiga: A fara duba ido kafin a zaɓi kafaɗa

Da zarar ruwa ya janye daga fadamun Kogin Haɗeja, sanyi ya shigo, an kwashe shinkafa, matasan ƙauyukan Kaugama da maƙwabtansu na Auyo da Malam Madori sukan fara goge bindigoginsu na toka. Wasu don zabin daji da zomo, wasu don gadin gona da sintirin dare. A cikin kowane mutum goma da suka saɓa bindiga, akwai yiwuwar ɗaya bahago ne, domin masana sun daɗe da ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na mutanen duniya da hagu suka fi iya aiki. Amma da wuya a ga wannan mutum ɗaya ya ɗora gindin bindiga a kafaɗarsa ta hagu. Tun yana yaro aka raba shi da hannun, kuma bindigar da ya gada ko ya saya ba a ƙera ta da shi a rai ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce, ko da yake ana ɗaukar ta abin wasa. Bindigar da ba ta dace da mai ita ba tana iya cin idonsa, tana kuma iya kai harbi inda bai nufa ba, a daji da ake tafiya ƙungiya-ƙungiya.

Bahaushe ya san bahago sarai. A filin dambe ma ana shakkarsa, shi ya sa 'yan dambe da dama ke amsa laƙabin Bahagon wane, kuma abokin karawa ya san daga inda naushi zai fito ba daga inda ya saba ba. A gida kuwa labarin ya sha bamban. Yaro na kai hagu cikin kwano za a buge hannun, kuma wannan yana da tushe a tarbiyyar Musulunci, wadda ta koyar da ci da sha da dama. Babu mai jayayya da wannan. Matsalar ita ce yadda aka faɗaɗa ladabin cin abinci ya mamaye riƙon fartanya da lauje da alƙalami, har ya kai ga bindiga. Uba ko ubangidan farauta zai miƙa wa yaro makami ya ce ya ɗora a dama, shi ke nan an gama koyarwa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kamar yadda ake da hannu mai rinjaye, haka ake da ido mai rinjaye. Idanu biyu na kallo, amma ƙwaƙwalwa ta fi dogara da ɗaya wajen gane inda abu yake daidai. Wajen mutum biyu cikin uku idon dama ne, sauran kuma galibi na hagu. Idan aka haɗa wannan da lissafin bahagwai, za a ga cewa masu idon hagu sun ninka masu hannun hagu. Ma'ana, akwai ɗimbin mutane da ke ci da rubutu da noma da dama, amma idonsu na saiti na hagu ne, ba su kuma taɓa sani ba. Haka nan akwai bahagon da idonsa na dama ne ke jagora. Wani masani ɗan Italiya, Giambattista della Porta, ya yi bayanin wannan tun a 1593, don haka ba sabon ilmi ba ne.

Ga abin da ke faruwa idan mai idon hagu ya ɗora bindiga a kafaɗar dama ya bar idanu biyu a buɗe. Bakin bindigar yana ƙarƙashin idon dama, amma idon hagu ne ya haɗa kan bindigar da abin harbi. Tazarar da ke tsakanin idanun babban mutum ba ta wuce santimita 6 zuwa 7 ba, daga ido zuwa bakin doguwar bindiga kuma kusan mita ɗaya. Wanda ya iya lissafin firamare zai ga cewa a nisan mita 30, harbin zai kauce hagu da kusan mita 2. Mita 2 a fadama na nufin dinya ta tashi lafiya. A cikin duhuwar kachalla, ko a layin 'yan sintiri da dare, mita 2 na iya zama inda ɗan'uwa yake tsaye.

Maharbin da ke yawan kuskure irin wannan ba ya zargin idonsa. Zai ce maƙeri ya karkatar da bakin bindiga, ko albarushi ya sha raɓa, ko kuma, abin da aka fi ji, an yi masa sammu an ɗaure masa hannu. Sai a shiga neman laya da turare, kuɗi su tafi, kuskure na nan. Tsofaffin maharba ma abin yana samunsu ta wata hanya. Mutum ya shekara 30 ba ya kuskure, sai yana ta fara rufe idon dama a hankali, na hagu ya karɓi aiki ba tare da ya lura ba, kwatsam sai a ji ana cewa tsoho ya ƙare. Sau da yawa likitan ido yake buƙata.

Gwajin kuwa bai kai minti ɗaya ba, ba ya cin ko sisi. Mutum ya miƙe hannuwansa biyu gaba, ya haɗa su ya bar 'yar kafa a tsakiya, ya leƙa wani abu mai nisa, kamar saman hasumiyar masallaci, idanu biyu a buɗe. Sai ya rufe hagu. In abin yana nan cikin kafar, idon dama ke jagora. In ya ɓace, na hagu ne. Sarkin baka na iya gwada yaransa duka a inuwar bishiya ɗaya kafin a sha ruwa.

To, idan an gano, sai me? A nan ne masu koyar da harbi a duniya suka rabu, amma mafi yawansu sun fi karkata ga cewa sabon mai koyo ya bi idonsa. Hannu yana koyon sabon aiki cikin makonni, ido kuwa ba ya sauya hali don an yi masa faɗa. Matashi ɗan shekara 18 da bai saba da kowace kafaɗa ba, babu dalilin hana shi hagu in idonsa na hagu ne. Wanda ya riga ya shekara da shekaru yana harbi da dama, zai fi masa sauƙi ya riƙa runtse idon hagu daidai lokacin saiti, ko ya sa tabarau ya ɗan dusashe gilashin hagu. Wannan dabara tana da tsada ta wani ɓangare: mai ido ɗaya a rufe ba ya ganin abin da ke zuwa ta gefensa, ba ya kuma auna nisa da kyau. Ga mai harbin tsuntsu a sama, asara ce ta nama. Ga ɗan sintiri, hatsari ne.

Sauya kafaɗa kuma shi ke kawo magana ta biyu, wato ita kanta bindigar. Bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, Turawa kuma ke danganta sunanta da fataken Denmark da suka yi cinikinta a gaɓar Afirka ta Yamma, yawanci wurin tashin wutarta a gefen dama yake. An yi haka ne don fuskar mai harbi da dama ta kasance a ɗaya gefen itacen. Bahago in ya ɗora ta a hagu, kuncinsa da idonsa suna gefe ɗaya da tartsatsi, damtsensa na dama kuma yana wucewa ta kusa da wurin. Duk harbi sai ya sha hayaƙi da ɓurɓushi. Ranar da aka cika albarushi fiye da ƙima, ko ƙarfen ya gaji, shi ne fuskarsa ta fi kusa. Daga Marke ko Hadin zuwa wurin da za a iya ciro ɓarɓashin ƙarfe daga ƙwayar ido tafiya ce mai nisa, sau da yawa sai an dangana da Kano, ido kuma ba ya jira. Tabarau mai kauri na kare ido, irin na masu walda mara duhu, bai kai kuɗin kaza ba a kasuwar Haɗeja, amma maharbi na ganin sa shi kamar ragwanta ne.

Ga wanda ke da lasisi kuma yake da zaɓi, bindigar da ake karyawa a tsakiya a saka harsashi, mai baki ɗaya ko biyu, ita ta fi yi wa kowa adalci, domin ba ta tofar da kwanso ta gefe a lokacin harbi. Ita ma a duba itacen gindinta, saboda masana'antu kan ɗan karkatar da shi don ya dace da kuncin mai dama. Masu zugawa da hannu galibi ta dama suke fitar da kwanso, wato ta gaban fuskar bahago, ko da yake akwai irin su Ithaca 37 da Browning BPS da ke zubarwa ta ƙasa. Bindigar raifil mai sakata ita ta fi wahalar da shi: sakatar na dama, dole ya sauke bindiga ko ya tsallaka hannu bayan kowane harbi, kuma in kwanso ya fashe a ciki, ba fuskarsa aka tsara a kare ba. Kamfanoni irin su Savage da Remington da Tikka suna yin na bahagwai, amma samun su a Najeriya sai mai dogon hannu.

Ko rundunonin soja na manyan ƙasashe sun sha fama da wannan. Amurka sai da ta ƙara wani ɗan tudu a jikin M16A2 a shekarun 1980 don ya kautar da kwanso mai zafi daga fuskar bahago. Bindigar sojan Birtaniya, SA80, ba a harba ta daga kafaɗar hagu, saboda haka kowane ƙurtu da dama ake koya masa ko ya so ko ya ƙi. AK-47 da jami'an tsaron Najeriya suka fi riƙewa ba ta cika takura wa bahago ba, tunda kwanson yana tafiya gaba ta dama, marikin ɗanawa kuma yana gefen hannunsa da ke tallafe da bindigar. Idan ƙasashe masu masana'antar makamai sun ɗauki abin da muhimmanci har suka sake fasalin ƙarfe, ba a ga dalilin da zai sa a ƙyale shi a nan ba.

Za a iya cewa, a lokacin da Arewa ke kuka da yawaitar makamai, ina amfanin koya wa mutane yadda za su iya harbi? Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Amsar ita ce bindigogin nan suna hannun mutane tun tuni, kuma gwamnatoci da kansu suna ƙara yawan masu riƙe su. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta bi da Askarawa a Janairun 2024. Jigawa ta fi su zaman lafiya, alhamdulillahi, amma 'yan banga da mafarauta suna taimaka wa 'yan sanda a ƙauyukanta. Mutumin da aka amince ya riƙe makami don kare jama'a, gara ya san inda harbinsa zai sauka. Rashin saiti ba ya rage ɓarna, yana dai sauya wanda za ta faɗa wa.

Ita ma doka ba ta manta da ido ba. Dokar Makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta raba bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin Shugaban Ƙasa, na ƙashin kai da Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu, da kuma masu ɗuri ta baki irin na toka, da ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Cikin waɗanda ta hana a ba lasisi akwai wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da wanda ganinsa ke da matsala. Rinjayen idon hagu ba ciwo ba ne, kada a fahimci haka, bai kamata ya hana kowa lasisi ba. Amma tunda doka ta riga ta buɗe ƙofar duba ido, ƙara wannan gwaji na minti ɗaya a lokacin tantance 'yan sintiri ba ya buƙatar sabuwar doka ko kasafin kuɗi. Haka nan dokar ta hana ƙera bindiga ko gyaranta ba tare da izini ba, don haka bahago kada ya kai tasa a huda ta a mayar da wuta hagu a bayan gida. Bindigar da aka yi wa irin wannan gyara ta fi ta farko hatsari.

Akwai kuma wani gefen da masu kula da gandun Baturiya a Kirikasamma za su gane. Farauta a cikin gandun haramun ce, kuma tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi sanyi a dausayin Haɗeja da Nguru suna da kariya. A wajen gandu, inda aka halatta, maharbi mara saiti shi ya fi ɓarna, domin yana raunata dabba ta tsere ta mutu a ɓoye, shi bai ci ba, daji bai amfana ba.

Nauyin ya fi hawa kan sarakunan baka da shugabannin 'yan banga na gundumomi, domin su ne yaro ke jin maganarsu fiye da kowace takarda daga Dutse. Su ne za su iya tsayar da al'adar ba'a ga wanda ya ɗora a hagu, su kuma tsara layin farauta ta yadda za a san wa ke harbi daga wace kafaɗa kafin a shiga ciyawa. Masarautar Haɗeja, mai ƙananan hukumomi takwas da Kaugama ke cikinsu, tana da masu harba bindigar toka a hawan Sallah, cikin cunkoson jama'a da dawakai, kafaɗa da kafaɗa. Su ma akwai bahagwai a cikinsu, kuma Sallah ba ta da nisa a kowace shekara.