FIM ƊIN "SHIFTY": GASKIYAR DA YA FAƊA DA WADDA YA ƁOYE

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, wani zai ce me ya haɗa wannan mujalla da fim ɗin Turawa? Amsa ita ce, fim ɗin da za mu tattauna a kai labarin ɗan Musulmi ne, kuma duk wanda ya ba da labarinmu wajibi ne mu auna maganarsa da ma'aunin adalci, mu karɓi gaskiyarsa, mu mayar masa da kurensa.

"Shifty" fim ne na ƙasar Ingila wanda Eran Creevy ya rubuta kuma ya ba da umarni. An fara nuna shi a shekarar 2008, ya shiga gidajen sinima a 2009. An shirya shi ne a ƙarƙashin shirin Microwave na hukumar Film London, da kuɗi kimanin fam dubu 100, aka kuma ɗauke shi cikin kwana 18. Riz Ahmed, wanda daga baya ya ci kyautar Oscar a 2022, shi ne ya fito a matsayin Shifty, saurayi ɗan gidan Musulmi, mai kaifin basira, wanda ya zaɓi sayar da hodar iblis a wani gari da ke gefen London. Labarin duka na kwana ɗaya ne: abokinsa Chris ya dawo daga Manchester bayan shekara huɗu, ya tarar da shi tsundum cikin wannan sana'a, ga dillalin da ke ba shi kaya yana ƙulla masa makirci.

Adalci ya sa mu fara da alherinsa. Ƙarancin kuɗi ya zame wa wannan fim rahama. Babu manyan motoci, babu gidajen alfarma, babu irin adon da finafinan Amurka suke yi wa ɓarna har ta yi wa yaro kwarjini. Abin da ake gani shi ne ƙananan gidaje, da tituna marasa annuri, da mutanen da ƙwaya ta cinye. Akwai Trevor, magini mai mata da 'ya'ya, wanda jaraba ta raba shi da mutuncinsa har ya koma farautar mai sayar masa. Akwai Valerie, dattijuwar da ya kamata a ce tana tarbiyyar jikoki, amma ga ta a ɗaki tana zuƙar guba. Wanda ya ga waɗannan biyun ya san cewa ribar dillali hawayen wasu gidaje ce. A nan fim ɗin ya yi gaskiya, kuma masu shirya shi sun cancanci yabo.

To amma ina gizo yake saƙa? Aibi na farko shi ne, an gina labarin ta yadda zuciyar mai kallo za ta kasance tare da dillalin. An yi shi mai fara'a, mai wayo, mai amana ga aboki, sannan aka ajiye wani dillali mafi sharri a gefensa domin nasa laifin ya yi sauƙi a ido. Sai ka iske mai kallo yana fatan Shifty ya tsira, ya manta da Trevor da iyalinsa. Wannan dabara ce mai hatsari. Malamai irin su Shaihul Islam Ibnu Taimiyya sun riskar da tabar wiwi ga hukuncin giya, balle hodar iblis. Kuma sananne ne a shari'a cewa zunubin abin maye bai tsaya ga mai sha ba, ya haɗa har da mai sayarwa.

Aibi na biyu, wanda ya fi damunmu, shi ne matsayin da aka ba addini. Yayansa Rez, wanda Shifty yake zaune a gidansa, shi ne mai riƙo da addini a labarin, kuma an nuna shi mutumin kirki. Amma Musuluncinsa bai wuce tsarin gida da kunyar iyaye ba. Yana da fushi da baƙin ciki, ba shi da hujja ko mafita. Lokacin da aka zo warware matsala, ba a nemi masallaci ko malami ba; wayo da abota ne suka yi aiki.

Daga nan aibi na uku ya fito. Mafitar da fim ɗin ya nuna ita ce barin gari. Alhali tuba tana da sharuɗɗa: daina saɓo, da nadama, da ƙudurin rashin komawa, da mayar da haƙƙin waɗanda aka zalunta. Wa zai mayar wa 'ya'yan Trevor ubansu? Guduwa ba tuba ba ce, kuma canza gari ba ya wanke hannu.

Masu yabon fim ɗin suna cewa ai ya nuna Musulmi a matsayin mutum, ba ɗan ta'adda ba, a shekarun da suka biyo bayan harin London na 2005. Muna tambayarsu: shin zaɓin da ya rage mana ke nan, ko mai bam ko mai hoda? Wanda aka cire daga rami aka jefa a rijiya ba ya godiya.

Sai dai kada mu tsaya ga zargin wasu. Creevy ya ɗauko labarin ne daga abin da ya gani a garin Harlow inda ya tashi, ma'ana irin su Shifty suna nan a gidajen Musulmi. Idan yaro mai basira ya fi samun kunnen saurare a wurin dillali fiye da wurin yayansa da limaminsa, to laifin ba na mai kyamara ba ne. Kuma idan fam dubu 100 da kwana 18 sun isa a faɗi rabin gaskiya, mene ne uzurinmu na barin sauran rabin?

Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya tsare su daga sharrin abin maye. Wallahu a'alam.