Nawa Ne Kuɗin 'Yar Aiki, Kuma Wa Ke Biyansa?

Da zarar saurayi ya gama bautar ƙasa, ya karɓi takardar kama aikin gwamnati, ya yi aure ya kama hayar ɗaki biyu da falo, ba a daɗewa sai ka ji an soma cigiyar wadda za ta riƙa taya amarya aikin gida. Wannan ba abin zargi ba ne, domin kuwa galibin matan da 'yan uwanmu ke aura a yau ko dai malaman makaranta ne, ko ma'aikatan asibiti, ko kuwa ɗalibai irinmu da ke fita lacca tun da sassafe. Gida kuwa ba ya share kansa, kwanuka ba sa wanke kansu, jariri kuma bai san ana jarrabawa ba. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda ake cinikin. Tambayar da ake yi wa dillaliya ɗaya ce tak, watau nawa ne a wata, kuma duk wanda ya samu da rahusa sai ya dawo ofis yana ba abokansa labari kamar wanda ya yi dace a kasuwar Kwari. Ni kuwa a ganina kuɗin da ake faɗa a wannan ciniki ɗan guntu ne daga cikin ainihin kuɗin aikin, sauran kuwa akwai mai biyansa, sai dai ba maigida ba ne.

Bari mu fara da aikin kansa, tun da yake mafi yawanmu maza ba mu taɓa tsayawa mun ƙirga shi ba. Yarinyar da aka ɗauko aikatau ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Shara da goge-goge, wanke-wanke sau uku, wankin kayan yara, ɗiban ruwa in famfo ya ɗauke, kai markaɗe, zuwa cefane, goyon jariri, rakiyar yara makaranta, sa'an nan in baƙi suka zo da dare a tashe ta ta ɗora ruwan shayi. Daga asuba zuwa bayan isha'i awa 15 ke nan, kuma ba Juma'a ba Lahadi. A wata guda mai kwana 30 ta yi aikin awa 450.

To, mai karatu, ɗauko alƙalami mu yi lissafi. A ce, don misali, ana biyan wannan yarinya naira 15,000 a wata. In naka ya fi haka ko bai kai ba, sai ka sa naka adadin. Ka raba 15,000 gida 450, za ka ga ladan awa guda ya tashi a naira 33 da 'yan kwabbai. Yanzu ka dubi mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda aka mayar naira 70,000 a watan Yuli na 2024. Ma'aikacin gwamnati yana aikin awa 8 a rana, kwana 22 a wata, watau awa 176. Ladan awarsa guda kusan naira 400 ne. Ashe ke nan masinjan da ya fi kowa ƙanƙanta a ofishinmu, wanda muke cewa gwamnati ta zalunce shi, kuma haƙiƙa ta zalunce shi, ya ninka 'yar aikin gidanmu sau 12 a kowace awa. Da za a biya ta awa 450 ɗin nan a bisa wancan ma'auni, da sai an ƙirga mata naira 180,000. Wannan shi ne farashin abin da muke nema a yi mana. Tazarar da ke tsakanin 15,000 da 180,000 ita ce nake so mu bincika wa ke ɗauke da ita.

Ba yau aka fara fafutukar mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan ba. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, bayan yajin aikin da Ƙungiyar Ƙwadago ta yi a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, aka tsayar da naira 125. A 2011 ya zama naira 18,000, a 2019 ya koma 30,000, kafin na 2024. A kowane zagaye ɗalibai da ƙananan ma'aikata ne ke kan gaba wajen ɗaga murya, kuma sun kyauta. Amma fa dokar tun asalinta ta tsame ƙananan wuraren aiki: a da sai mai ma'aikata 50, a 2019 aka rage zuwa 25. Wane gida ne ke da 'yan aiki 25? Saboda haka mai shara da wanke-wanke ba ta taɓa shiga cikin wannan inuwa ba, kuma ban ji wani daga cikinmu ya ɗaga kwali a kanta ba. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da ya wuni a bakin sakatariya yana ihun a ƙara albashi, shi ne zai dawo gida da yamma ya tarar da yarinyar da ba a ƙara mata ko sisi ba cikin shekara biyu.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: ai muna ci da ita, muna sha da ita, ɗakin kwana kyauta, ga ɗinkin salla, ga sabulu da man shafawa. Gaskiya ne abinci kuɗi ne, balle a wannan zamani, kuma ya kamata a sa shi a lissafi. To amma a sa shi da gaskiya. Abincin da take ci sau da yawa sauran tukunya ne, makwancinta kuwa tabarma ce a ɗakin yara ko a ɗakin ajiya, inda kwananta a nan amfanin masu gida ne, tun da shi ne ya sa ake iya tashinta a kowane lokaci. Ko ka ƙiyasta duk wannan da karamci, ba zai cike rabin giɓin ba. Ɗinkin salla kuma kyauta ce, kyauta kuwa mai bayarwa ne ke da ikon yi ko fasawa; ba a gina haƙƙin mutum a kan abin da za a iya hana shi ran da aka yi fushi da shi.

Sa'an nan ko ɗan abin da ake biya, shin hannunta yake shiga? A yawancin lokaci dillaliya ce ke zuwa ƙarshen wata ta karɓa, ta cire nata kason, ta aika wa uwar yarinya saura a ƙauye, ita kuma uwar ta tara don kayan ɗaki. Ba na ganin laifin uwar nan ƙwarai. Mace ce da damina ba ta yi musu kyau ba, ko kuwa rashin tsaro ya hana su noma, ga al'ada ta ɗora mata gado da katifa da kwanuka da gara. Amma sakamakon shi ne yarinya ta yi shekara uku tana aiki ba ta taɓa riƙe ladan guminta ba, kuma ba ta da bakin cewa an ƙware ta, domin ba da ita aka yi cinikin ba.

Babban kason da take biya kuwa ba na kuɗi ba ne, na karatu ne. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko na karatu kyauta ne kuma tilas ne a kan kowane yaro. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana a ɗauki yaro aikin gida a wajen gidansu ko danginsa. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta mai da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifi mai hukuncin ɗauri daga wata 6 zuwa shekara 7. Duk waɗannan suna nan a rubuce, kuma mu da muka yi boko mu ne ya kamata mu fi kowa saninsu. Amma ka tsaya a bakin kowace makarantar kuɗi da ƙarfe bakwai da rabi na safe, za ka ga yarinya 'yar shekara 11 ta rataya jakunkunan yara biyu sa'o'inta, ta kai su bakin ƙofa, ta juya. Iyayen yaran nan da digirinsu. Ban san wani hoto da ya fi wannan nuna yadda ajin masu ilimi ke gina kansa a kan jahilcin wasu ba.

Wannan ɗabi'a gado biyu muka haɗa. Na ɗaya na Turawan mulkin mallaka ne, waɗanda kowane jami'insu ke da kuku da boyi da mai wanki, aka kuma gina musu gidaje a Nasarawa ta Kano da unguwannin Turawa na Kaduna da Zariya da 'yan ɗakuna a can baya don barori. Da 'yan ƙasa suka karɓi kujerun a shekarun 1950 da 1960, sai suka gaji gidan da ɗakunan bayansa, har ya zama ba a cika babban ma'aikaci ba sai da mai amsa kira. Na biyu kuwa namu ne na gargajiya, watau riƙo, inda ake ba gwaggo ko yaya 'yar ɗan uwa ta rene ta, ta koya mata girki da tarbiyya, ta aurar da ita daga aljihunta. Boyin Bature baligi ne, kuma albashinsa a hannunsa yake karɓa. 'Yar riƙo ba ta da albashi, amma tana da dangi da za su tambayi lafiyarta, da mai riƙon da kunya za ta hana shi tozarta ta. Mu sai muka ɗebi aikin boyi muka haɗa da rashin albashin 'yar riƙo, muka yar da haƙƙoƙin da ke tattare da kowannensu.

Ko ta fuskar maigida ma, araha ba ta ado. Wanda ya bar jaririnsa a hannun yarinyar da ita kanta reno take buƙata, ga risho ko tukunyar gas a kunne, ya san kasadar da ya ɗauka. Ga sauyin 'yan aiki duk bayan wata uku, ga zargin sata da ke tashi kullum a gidan da mai aiki ke ganin nama ba ta ci.

Akwai hujja guda mai nauyi da ba zan tsallake ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, albashi ya zama ruwa a kwando. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Ma'aikaci mai mataki na 8 ba zai iya biyan kowa naira 180,000 ba, ko 70,000 ɗin ma in ya biya ba zai kai tsakiyar wata ba. Na yarda. Amma abin da wannan ke nufi shi ne ba shi da halin ɗaukar mai aiki ta dare da rana, kamar yadda ba shi da halin ɗaukar direba. Wanda ba shi da kuɗin mota ba ya zuwa ya ce a sayar masa a kuɗin keke don albashinsa kaɗan ne. A kan mutum kaɗai muke yin irin wannan ciniki, domin mun san yunwa za ta sa a sallama.

Abin da ƙaramin ma'aikaci ke da halin saye shi ne awoyi. Unguwanninmu cike suke da manyan mata, zawarawa da waɗanda mazansu suka rasu suka bar su da marayu, masu neman aikin da za su yi su koma gida wajen 'ya'yansu. A ce irin wannan baiwar Allah za ta zo sau uku a mako, ta yi awa 3 tana shara da wanki da goge-goge. A wata zuwa 13 ke nan, awa 39. A naira 400 kowace awa, kuɗinta ya kama naira 15,600, sai kuɗin mota a kai. Mai karatu zai lura cewa kusan daidai yake da 15,000 ɗin da muka fara da shi. Bambancin shi ne an biya babbar mace ladan da ya yi daidai da awoyinta, a hannunta, ba a cire kowace yarinya daga aji ba. In gidaje huɗu na bariki ɗaya suka haɗa kai, biyu yau biyu gobe, ta tashi da naira 62,400 a wata, ga kuma ranar hutunta. Sauran aikin da ya rage fa? Na masu gida ne, kuma da na ce masu gida har da maigida. Duk wanda ya yi shekara huɗu a ɗakin kwanan ɗalibai ya wanke kayansa da hannunsa, ya share ɗakinsa, ya dafa taliya a kan risho. Takardar ɗaurin aure ba ta shanye masa hannu ba.

Kuma a yi cinikin a fili. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sharɗanta cewa ijara ba ta inganta sai an san aikin, an san lokacinsa, an san ladansa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ƙiyasta a 2021 cewa masu aikin gida a duniya sun kai miliyan 75.6, kashi 76 cikin ɗari mata, ta zartar da yarjejeniya mai lamba 189 a ranar 16 ga Yuni 2011. Cikin abin da ta ƙunsa akwai hutun awa 24 a jere kowane mako, da biyan lada aƙalla sau ɗaya a wata, da bayyana sharuɗɗan aiki, a rubuce in da hali. Rabin takarda ya isa: ranakun zuwa, abin da za a yi da abin da ba a cikinsa, ranar biya, wa zai sayi magani in ta ji ciwo a bakin aiki, da kwana nawa za a ba juna kafin a rabu. In ba ta karatun boko a rubuta da ajami, ko a karanta mata a gaban shaidu biyu.

Kada wani ya ce wannan sai ƙasashen Turai. Afirka ta Kudu ta amince da yarjejeniyar nan a 2013, kuma daga watan Maris na 2022 mafi ƙarancin ladan mai aikin gida a can ya zama daidai da na sauran ma'aikata. Gyaran da aka yi wa dokarmu a 2024 ya rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara 5 zuwa 3, watau zagaye na gaba zai faɗo a 2027. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla za su kasance 'yan ƙungiyoyin ma'aikata a lokacin, wasu ma wakilai a reshensu. Ina so in ga reshe ko da guda ɗaya ya sa batun sharaɗin ma'aikata 25 a cikin takardar buƙatunsa, ya nemi a tsayar da ladan awa ga masu aikin gida.